Darasi na 7: Duba Taswira Kafin a Hau Keke

A ce mutum yana Tawa, yana son zuwa kasuwar Badagishiri ranar Alhamis a kan kekensa. Da ƙarfe nawa zai tashi? Ruwa nawa zai ɗauka? Taswira za ta ba shi rabin amsa.

Ku shimfiɗa ta a kan tabarma. Saman takarda arewa ne, ƙasa kudu, hannun dama gabas, hagu kuma yamma. Ku ɗora yatsa a kan Tawa, ku gangara ƙasa bisa layin kwalta: ga Badagishiri, gaba kuma Tsarnawa, inda hanyar ke haɗuwa da babban titin da ya fito daga Yamai ya nufi Maraɗi. Tabalak mai tabki tana can sama ta wajen dama, kan hanyar Agadas.

Abin da ya fi ba mutane wuya shi ne ma'auni, don haka mu ɗan tsaya a nan. A gefen taswira za ku ga lamba kamar 1/200 000. Kada yawan sifilin ya tsorata ku. Ma'anarsa kawai, santimita 1 a takarda daidai take da kilomita 2 a ƙasa. To amma hanya ba miƙaƙƙiya ba ce, tana lanƙwasa. Sai ku sami zare, ku kwantar da shi bisa layin hanyar yana bin kowace kwana, ku ƙulla inda ya tsaya, sannan ku miƙe shi ku auna. Idan zaren ya kai santimita 10, tafiyar kilomita 20 ke nan. Daga Tawa zuwa Badagishiri wajen kilomita 45 ne. Mai keke da ɗan kaya, ba ya gaggawa, yakan ci kilomita 12 a awa ɗaya. Ashe yana bukatar kusan awa 4, ban da hutu. Wanda ya tashi bayan sallar asuba zai isa da hantsi, kafin rana ta take.

Launi ma magana ne. Shuɗi ruwa ne, shuɗin layi mai yankewa kuma korama ce da ba ta gudu sai da damina. Siraran layuka masu ruwan ƙasa suna nuna tudu: inda suka matsu da juna, akwai hawa mai wuya. Ƙasar Adar kuwa, wato yankin Tawa, kun sani, duwatsu da kwari ne, wani wurin dole a sauka a tura keke. Ba abin kunya ba ne.

Sauran rabin amsar ba ya cikin takarda. Taswira ba ta nuna iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, tana tura mai zuwa kudu, amma wajen komowa Tawa ita ce a gabansa. Sai ya ƙara wa dawowa lokaci. Taswira kuma ba ta faɗin inda ruwa ya cinye hanya bana, ko rijiyar da ta ƙafe, ko inda babu kwanciyar hankali. Wannan sai a tasha: ku gaida direbobi, ku ce, “Malam, yaya hanyar Badagishiri kwanan nan?” Matambayi ba ya ɓata. Taswirar cikin salula ma tana da amfani, sai dai caji na ƙarewa, shi ya sa na fi son mutum ya kwafi hanyarsa a ƴar takarda ya sa a aljihu.

Kada a manta famfo, faci da gam, da jarkar ruwa, da katin shaidar ɗan ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, tafiyar tsakar rana a bar ta.

Aikin gida: ku zana hanyar da ta tashi daga ƙofar gidanku zuwa kasuwar da kuka fi ci. Ku sa arewa a sama, ku rubuta sunan kowane gari, ku yi alama inda ake samun ruwa da inda mai gyaran keke yake. Idan zaren wata hanya ya kai santimita 15 a taswirar 1/200 000, kilomita nawa ke nan?