Daga naushi zuwa kokawa: yadda za ka fara koyon MMA a Accra

Toh jama'a, tun da yaran Nima da Maamobi suka fara kwana kallon UFC a waya, wato babbar gasar MMA, faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, ba ni da sakat, kowa sai ya tare ni a bakin masallaci wai yaya, ta ina zan fara? Bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Wajen naushi dai Allah ya yi mana gata a garin nan. Ka hau trotro ka sauka Jamestown ka shiga Bukom, za ka ga yara ƙanana suna dukan buhu kamar sun haɗa gaba da shi. Garin nan ne ya fitar da D.K. Poison da ya kawo wa Ghana kambun duniya na farko a 1975, ga Azumah Nelson a 1984, ga Ike Quartey a 1994. Don haka mai koya maka boksin ba zai yi wuyar samu ba. Matsalar ita ce abin da za su koya maka na zoben boksin ne, inda babu mai shure ka kuma babu mai kama maka ƙafa. Ni kaina shekara biyu na yi ina boksin ina ji da kaina, ranar da na fara shiga MMA wani siririn yaro ɗan judo ya ɗaga ni ya maka da ƙasa sau huɗu cikin minti biyar, wlh ko naushi ɗaya mai kyau ban kai masa ba, na koma gida ko waakye na kasa ci don haushi.

Fara da tsayuwa. In kai badame ne ƙafar hagu gaba, dama baya, in bahago ne ka juya. Amma ka buɗe ƙafafu fiye da yadda ɗan boksin yake yi, ka ɗan durƙusa, kada ka ɗora nauyinka duka a ƙafar gaba, don ita za a shura kuma ita za a cafke. Haɓa a ƙasa, hannu kusa da kumatu. Sannan wannan sunkuyon da 'yan boksin suke yi har kai ya kusa gwiwa don kauce wa naushi, ka rage shi, a nan gwiwar abokin karawa ce take jiran fuskarka.

Naushi biyu sun ishe ka wata uku na farko. Wanda ya san damben gargajiya zai gane da sauri, hannun gaba kamar garkuwa ne, da shi kake auna tazara kana tsokana, shi ne jab, na baya kuma shi ne mashi. Ƙarfin mashin ba daga dantse yake fitowa ba, daga ƙafar baya ne da juyin ƙugu. Kuma duk hannun da ya fita ya dawo haɓa ta hanyar da ya bi, kar ka bar shi yana lilo. Ka tuna safar hannun MMA ƙarama ce, aunsu 4, ta boksin kuwa 8 ko 10 ce, wato ba za ka ɓoye fuska a bayanta ba, kuma in ba ka naɗe hannu da bandeji ba ka daki buhu da ƙarfi wuyan hannunka zai gaya maka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kafin ka koyi kayar da mutum ka koyi faɗuwa, haɓa a ƙirji, kar ka tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, haka ake karya gwiwar hannu. Bayan nan sai abin da suke kira siprol. Da ka ga abokin karawa ya sunkuyo zai kama ƙafafunka sai ka wurga ƙafafun baya gaba ɗaya, ka sauke ƙugunka da ƙirjinka a kan kafaɗarsa, ka danne masa ƙeya da hannu, ka zagaya gefe. Ka yi shi ashirin, talatin kullum har ya zama jikinka yana yi ba sai ka yi tunani ba. Ɗan boksin da ya iya wannan ya zama bala'i, don ya tilasta maka ka tsaya a inda ya fi ƙarfi.

In kai ne za ka kayar, gwiwa ake lanƙwasawa a sauka, ba baya ba. Ka jefa jab ya ɗaga hannu, ka sauka ka sa ƙafa tsakanin ƙafafunsa, kafaɗa a cikinsa, hannu biyu bayan gwiwoyinsa, kai a ɗage manne da haƙarƙarinsa, sai ka tura ta gefe. In ka sunkuyar da kai ka miƙa masa wuya ne ya shaƙe. In kuma kun rungumi juna a tsaye, rigimar duk a kan wa zai zura hannu ƙarƙashin hammatar wani ce, 'yan kokawar gargajiya sun san wannan tun kafin a haifi UFC a 1993. Kamaru Usman ɗan Najeriya da kokawa ya ci kambun UFC a 2019, Khabib ɗan Rasha, shi ma gwanin kokawa, ya yi karawa 29 ba a taɓa cin shi ba, kuma namu na nan gida Abdul Razak Alhassan daga judo ya fito.

To an kayar da kai, sai me? Kar ka juya masa baya, nan ne shaƙa take. Ka sa ƙafafunka tsakaninka da shi, ko ka naɗe masa ƙugu da su ka jawo kansa kusa don kar ya samu filin duka, ka zame ƙugunka gefe, ka dafa hannu ɗaya a ƙasa ɗayan yana kare fuska, ka janye ƙafa baya ka miƙe. In kuwa an kama wuya ko an murɗe hannu, ɗan Allah ka bubbuga masa jiki da sauri ya sake ka. Ba ragwanci ba ne. Na ga wanda taurin kai ya sa shi wata biyu da hannu a rataye, ga shi tela.

Sai numfashi. Zagayen boksin minti 3 ne, na MMA minti 5, kuma kokawa tana shan ƙarfi fiye da yadda kake zato. Gudu bayan asuba kafin ranar Accra ta buɗe, tsallen igiya minti goma, boksin kwana biyu a mako, kokawa kwana biyu. Robar haƙori ba tsada, saya kafin ka fara gwaji da mutum. Yanke farce, kuma da an tashi ka yi wanka da sabulu, don makero a katifar atisaye ake kwasarsa. Da azumi ni bayan tarawi nake yi, sama-sama, ba duka a kai.