Kurakuran da ke sa ƙwai ya zama baragurbi a injin ƙyanƙyasa na tsohon firij

Duk wanda ya kawo min kukan wai ya haɗa injin ƙyanƙyasa da tsohon firij, ya zuba ƙwai 30 amma 'yan tsaki huɗu kacal suka fito, abin da nake fara tambayarsa shi ne a ina ka rataya ma'aunin zafinka? Yawanci daga nan matsalar take, firij ɗin ba ruwansa, shi dai akwati ne mai riƙe zafi kuma yana riƙewa sosai.

Ƙwan kaza digiri 37.5 yake so idan akwai fanka a ciki, kuma a daidai saman ƙwan za ka auna, ba can sama kusa da gulob ɗin da ke ba da zafi ba. Zafi sama yake hawa, firij kuma dogo ne, toh sai ka ga tiren sama yana neman dahuwa na ƙasa yana shan sanyi, kai kuma ma'auninka na nuna maka komai lafiya lau. Maganin wannan ƙaramar fankar kwamfuta ce mai bolt 12, ka barta tana juyawa dare da rana, kar ka haɗa ta da layin tamostat, wato na'urar da ke kunna gulob tana kashewa don daidaita zafi, yadda za ta riƙa mutuwa duk lokacin da gulob ya mutu. Shi kansa ma'aunin kar ka yarda da shi kai tsaye, ka ajiye na asibiti wanda ake auna zazzaɓi a gefensa ka gani ko bakinsu ya zo ɗaya. Bambancin digiri ɗaya na tsawon kwana 21 ba ƙaramin abu ba ne wallahi. Idan tsakinka suna fitowa tun kwana na 19 zafi ya yi yawa, idan sai 23 ya yi kaɗan.

Wasu kuma babu tamostat ɗin ma gaba ɗaya, da hannu suke kunnawa suna kashewa, to in barci ya ɗauke ka fa? Ka nemi irin su STC-1000 ko W1209. Gulob kuma ka sa biyu masu wat 40 maimakon babba guda ɗaya, in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan zai riƙe. Na LED ba ya ba da zafin kirki, kar ka ɓata lokacinka. Sannan ka bar injin ya yi kwana biyu yana aiki babu ƙwai ko ɗaya, ka ga ya tsaya a wuri guda tukuna.

Batun danshi ma mutane na ruɗewa. Faɗin faranti ne ke kawo danshi ba zurfin ruwa ba, kofi cike da ruwa bai kai faffaɗan tire mai ruwa kaɗan ba. Kashi 50 zuwa 55 har kwana 18, daga nan ka ɗaga zuwa 65 ko 70, soso jiƙaƙƙe na taimakawa. Kuma firij an yi shi ne don kada iska ta shiga, tsakon da ke cikin ƙwai kuwa numfashi yake ta ƙofofin ɓawo, don haka dole ka huda 'yan ramuka ƙasa da sama. Ka dai lura da bututun gas in za ka huda, kwampireso da gas ɗin mai gyaran firij ya kamata ya cire maka. Shi kuwa tsohon maikrowef, in da shi kake tunanin haɗa injin maimakon firij, gara ka bar shi, akwai wani ɓangare a cikinsa da ake kira kafasito mai riƙe wuta mai kisa ko an zare shi daga soket.

Ƙwan ma a duba shi. Sai na kajin da ke tare da zakara, wanda bai wuce sati da yi ba, kuma kar a wanke shi don ruwa na cire rufin da ke tare ƙwayoyin cuta. Ka yi masa alama da fensir gefe biyu, ka riƙa juyawa sau uku ko biyar a rana, a kwana na 18 ka daina. Wajen kwana 7 zuwa 10 ka haska da tocila a duhu, mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo, wanda ya fito fayau ka fitar da shi kafin ya ruɓe.

Wanda ya fi min ciwo shi ne na kwana ukun ƙarshe. Na taɓa jin tsako yana kuka cikin ƙwai, ya fasa ɗan baki ya tsaya, tausayi ya sa na dinga buɗe ƙofa ina leƙawa, danshin ya gudu, fatar nan ta ciki ta bushe ta manne masa kamar leda, da safe na same shi a mace bakinsa a waje. Tsako kan yi awa 24 daga fasa baki zuwa fita, hutawa yake yana shanye gwaiduwa. Ka yanka ƙaramar taga a ƙofar firij ɗin ka liƙa gilashi, ta nan za ka riƙa kallo, ka shimfiɗa tsumma a ƙasan tire don kada ƙafarsu ta zame ta gwale, farantin ruwan kuma ka rufe shi da raga saboda masu fitowa kar su faɗa.