Yadda Za A Taimaki Mai Farfaɗiya Idan Ta Tashi

Idan farfaɗiya ta kama mutum, yaro ne ko dattijo, a nisantar da shi daga murhu ko bakin rijiya, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, sannan a kwantar da shi ta gefe domin yawu ya fita. Kada a danne shi, kada kuma a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda jama'a ke darewa don gudun yawunsa, alhali cutar daga ƙwaƙwalwa take, kuma ba a ɗaukarta. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, a garzaya da shi Babban Asibitin Daura.