Allurar baya ga majiyyaci mai rauni: yadda ake kauce wa faɗuwar jini

Tsohon da ya karye a ƙugu, ko mai ciwon huhu, ko mai cikin da jininta ya hau, in za a yi musu tiyata, sau da yawa allurar baya, wadda ke kashe rabin jiki na ƙasa, ta fi musu sauƙi a kan a sa su barci gaba ɗaya, domin da kansu suke numfashi. Haɗarinta yana cikin minti 15 na farko. Maganin yana kashe jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini, sai hanyoyin su saki, jini ya taru a ƙafafu, awon jini ya faɗi. Mai lafiya yakan jure, mai raunin zuciya kuwa ba lallai ba.

Kafin a taɓa bayan, a tace majiyyacin. Wanda ke zubar da jini ba a maye masa ba, ko wanda bawul ɗin zuciyarsa ya tsuke sosai, ko mai ƙurji a wurin sukar, a nemi wata hanya. A tambayi magungunan tsinka jini: enoxaparin na rigakafi a jira awa 12, na magani awa 24, clopidogrel kwana 5 zuwa 7. Aspirin shi kaɗai ba ya hanawa. In ƙwayoyin daskarar da jini sun gaza 70,000, a dakata, don jini na iya taruwa ya danne laka.

A sa kanula (bututun ƙarin ruwa a jijiya) mai faɗi, ruwa na tafiya, a zuƙo ephedrine (mai ɗaga awon jini) da atropine (mai ƙara bugun zuciya) a sirinji tun kafin a fara. A soka tsakanin L3 da L4, wato ƙashi na uku da na huɗu a ƙasusuwan ƙasan baya, ko ƙasa da nan, tunda laka tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2. Siririyar allura, mai lamba 25G ko 27G, tana rage ciwon kai daga baya. Ga tsoho, miligiram 7.5 zuwa 10 na bupivacaine mai nauyi, wato maganin da ake zubawa a bayan, yakan wadatar. A karanta kwalbar da kyau: an sha rikita ta da tranexamic acid, maganin tsayar da zubar jini, kuma kuskuren yana kisa.

Bayan allura, a riƙa auna jini kowane minti biyu. Tashin zuciya yawanci alamar faɗuwarsa ce, don haka a ba da ephedrine miligiram 5 zuwa 10 nan take. Mai ciki a karkata ta hagu. In majiyyaci ya ce hannuwansa sun mutu ko sun rasa ƙarfi, muryarsa ta yi ƙasa, bugun zuciya ya ragu, to maganin ya haura sama: a ba shi oksijin, a ba da atropine, a shirya sa bututun numfashi.