Kan Fitowa da Tsallaken Lokaci: Inda Marubutan Fim Suka Fi Yin Tuntuɓe

Layin nan guda da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a saman kowace fitowa a rubutun fim, wato kan fitowa, na ma'aikata ne: mai tsara ranakun ɗauka, mai haske, mai kayan sawa. Ɗan kallo ba zai taɓa ganinsa ba, kuma yawancin kurakuran da nake cin karo da su daga manta wannan suke tasowa. Abu uku layin yake ɗauke da su a jere: ciki ne ko waje, wane wuri ne, rana ce ko dare. Misali: CIKI. ƊAKIN ASIBITI - DARE. A rubutun Turanci INT. da EXT. ake sawa. Ko wanne ka ɗauka, ka tsaya a kansa har shafin ƙarshe.

Sabon marubuci yakan cusa labari a wurin, sai ka ga CIKI. ƊAKIN DA LADI TAKE KUKA BAYAN AN KORE TA - DARE. Kukan Ladi a layin bayani zai zauna, ƙasa da kan fitowa. Wannan gyaransa ba wuya.

Wanda ya fi cin rai shi ne sauya wa wuri ɗaya suna. Ni kaina na taɓa yi: a shafi na 4 na rubuta FALON LADI, a na 19 GIDAN LADI, can gaba kuma ƊAKIN ZAMA. A kaina ɗaki ɗaya ne. Mai tsara aiki ya kira ni, ya ce, "Malam, gida uku za mu nema ko ɗaya?" Ya riga ya raba su ranaku daban-daban a jadawalinsa, domin manhajojin rubutun fim irin su Final Draft da Celtx suna tattara sunayen wurare ne yadda aka buga su, harafi da harafi. Sai da ya warware aikin yini guda saboda sakacina, kuma har yau abin yana damuna. Tun daga nan nake farowa daga babban wuri zuwa ƙarami: CIKI. GIDAN LADI - FALO - RANA, sannan CIKI. GIDAN LADI - ZAURE - RANA. Kowa ya duba ya san gida ɗaya ne.

RANA da DARE sun wadatar a mafi yawan fitowa. Kada ka sa FAƊUWAR RANA don kawai ta yi maka daɗi a baki. Hasken nan ko awa ɗaya ba ya kaiwa, kuma da ka rubuta shi ka ɗaure mutane da dama su jira shi. Ƙarfe 4:15 ma ba ta da gurbi a nan. In tana da muhimmanci, nuna agogo.

Tsallaken lokaci kuwa, a nan ne ƙwararru ma suke zamewa. Marubuci ya rubuta WAJE. TASHAR JIRGI - RANA - BAYAN SHEKARA 5, ya wuce abinsa hankali kwance. To wa ya gaya wa ɗan kallo? Shi dai tasha ya gani, yana zaton washegari ce. Hanya biyu gare ka. Ko dai ka ba da umarni a layi na daban, RUBUTU A ALLO: "Bayan shekara 5", abin da ake yi wa alama da SUPER: a rubutun Turanci, ko kuma ka bar hoto ya yi magana. Na fi son ta biyun. Jaririyar da muka bari a hannun uwarta, ga ta yanzu tana jan jakar makaranta, haƙorin gaba ɗaya ya fita. Ba sai an rubuta komai ba. In tsallaken gajere ne a wuri ɗaya, JIM KAƊAN ya isa, amma a canja wani abu a ɗakin: kyandir ɗin da aka kunna ɗazu ya ƙone saura kaɗan.

Akwai kuma CI GABA a ƙarshen kan fitowa, wadda ake watsawa ko'ina kamar ado. Ma'anarta ko daƙiƙa ɗaya ba ta wuce ba: Ladi ta buɗe ƙofar falo, mun tarye ta a zaure tana rufe ta. In ta sauya riga a tsakani, ba ci gaba ba ne.

Waiwaye shi ma ana shiga cikinsa a manta hanyar fita. Ka rubuta WAIWAYE a kan fitowar da aka koma baya, in ya ƙare ka rubuta ƘARSHEN WAIWAYE ko DAWOWA YANZU. In ba haka ba, mai karatu zai ci shafi uku yana zaton har yanzu a baya yake, mai kwalliya kuma ba za ta san ko ta sa wa jarumi furfura ko ta cire ba. Idan labarinka yana yawo tsakanin zamani biyu, sa shekarar a ƙarshen kowane kan fitowa, 1998 ko 2020, ko da ka ga kamar maimaici ne. Ba a jere ake ɗaukar fim ba, kuma ranar ɗauka shafi biyu ko uku kawai za a miƙa wa mai kayan sawa.