Kurakuran masu yawon keke a tuddan karkarar Faransa da yadda ake gyara su

Wanda ya buɗe taswirar kudu maso yammacin Faransa ya duba tsakanin garin Sarlat a yankin Dordogne da Rocamadour a yankin Lot, zai ga tazarar ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, sai ya ƙudurta a ransa cewa kafin azahar ya isa. Daga nan kuskure mafi girma yake farawa, wato auna tafiyar yini da tsawon hanya kaɗai. Ƙasar wurin koguna ne suka yayyanka ta, kowane kwari aka gangara sai an biya bashinsa da hawa a ɗaya ɓangaren, kuma garuruwan da ake marmarin gani galibi a kan tudu aka gina su saboda tsaro. Domme, alal misali, yana kusan mita 150 sama da kogin Dordogne, hanyar da ke kai mutum ƙofar garin kuwa ba ta sassauta wa kowa. Gyaran shi ne a riƙa lissafa mitocin hawa tare da kilomitocin tafiya. A ganina, kilomita 50 mai ɗauke da hawan mita 800 ya ishi mai keke da kaya aikin yini guda, musamman a kwanaki ukun farko kafin ƙafa ta saba. Taswirar Michelin ta takarda tana taimakawa ƙwarai a nan, domin tana sanya 'yan alamu masu kama da kan kibiya a kan hanya mai tsauri: ɗaya na nufin tsaurin tudun ya kai kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, biyu 9 zuwa 13, uku kuma abin ya haura haka.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, shi ne zuwa da keken da giyarsa ba ta dace da tudu ba. Keken tsere da yawa ƙaramin farantin sarƙarsa na gaba haƙora 34 ne, babban na baya kuma 28, wanda ya wadatar ga matashi mai ƙarfi da ba ya ɗauke da komai. Da zarar an rataya jakunkuna biyu a baya, wannan giya ta zama azaba ga gwiwa, mutum ya koma miƙewa tsaye a kan feda yana lilo dama da hagu har numfashinsa ya ƙare tun bai kai rabin tudun ba. Abin da ake so shi ne farantin baya ya fi na gaba yawan haƙora, kamar 26 a gaba da 34 a baya, yadda ƙafa za ta riƙa juyawa a hankali ba tare da an tilasta mata ba. A kuma sauya giya tun kafin tudun ya kama, domin sarƙar da ake dannawa da ƙarfi ba ta son a matsa mata ta sauya wuri. Game da kaya kuwa magana ɗaya ce: a shimfiɗa su a ƙasa kafin tafiya, duk abin da aka ɗauka don "ko da wani abu zai faru" a mayar da shi, ban da rigar ruwa, famfon iska, kayan faci da fitila.

Zaɓen hanya shi ne inda mutane suka fi yarda da waya fiye da kima. Manhajar da aka tambaya hanya mafi kusa za ta iya jefa mai keke kan titin manyan motoci, alhali ga wata 'yar siririyar kwalta can gefe da ke bi ta gonakin goro irin na Turai da ba a haɗuwa da kowa sai tarakta. An san cewa hanyoyin da lambarsu ta fara da A haramun ne ga keke, masu N kuma cunkoso gare su, don haka sai a ɗauka duk mai harafin D shiru take. Ba haka ba ne. Gwamnati ta miƙa wa yankuna tsofaffin manyan hanyoyi da yawa, aka sauya musu suna amma motocin ba su ragu ba. Hanyar D820 da ta ratsa Souillac zuwa Cahors tsohuwar N20 ce. A taswirar Michelin a guji hanyoyi masu launin ja, a yi hattara da rawaya, a nemi farare, idan kuma aka ga an ja koren layi a gefen hanya to alama ce ta wuri mai kyan gani. A sani kuma lambar hanyar D takan canja idan aka tsallaka daga wani yanki zuwa wani, saboda haka sunan ƙauyen da ke gaba ya fi lamba amfani.

Sai batun agogon ƙauye, wanda ya kayar da mutane fiye da tudu. Mai keke ya iso da ƙarfe ɗaya na rana, ya tarar da dandalin gari fayau, tagogin katako a rufe, mage na kwance a inuwar coci, a ƙofar gidan burodi kuma an rataya ɗan kwali mai rubutun "fermé", wato a rufe. Kantuna a ƙananan garuruwa sukan rufe daga wajen sha biyu da rabi, wasu sai ƙarfe uku ko huɗu su sake buɗewa. Ranar Lahadi da yamma kusan komai a kulle yake, da yawa kuma Litinin ce ranar hutunsu. Gidajen abinci suna ba da na rana tsakanin sha biyu da biyu, wanda ya makara ko da kuɗi a hannu ba zai samu ba. Wasu ƙauyukan ma ba su da kanti ko ɗaya. Maganin abin shi ne a sayi guzurin rana tun da safe, burodi da cuku da 'ya'yan itace da gwangwanin kifi, a ajiye wani abu a ƙasan jaka da ba a taɓawa sai dole. Musulmi ya ƙara lura da kalmomin "jambon", "lardons" da "charcuterie", domin naman alade kan shiga har cikin salak da kayan ƙwai ba tare da an ambata ba, tambaya kuma ba abin kunya ba ce. Paul de Vivie, wanda aka fi sani da Vélocio, mutumin da Faransawa ke ɗauka uban yawon keke, ya rasu a 1930, amma shawararsa ta a ci kafin yunwa a sha kafin ƙishi har yau ba ta tsufa ba.

Ruwa ma haka. A kan tuddan da ake kira causse, kamar na Gramat da ke kewaye da Rocamadour, dutsen yana shanye ruwan sama ya wuce da shi ƙarƙashin ƙasa, sai a yi tafiya mai nisa ba rafi ba rijiya. Gora ɗaya ba ta isa. Abin da masu keken ƙasar suka sani shi ne kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa, inda ake ɗiban ruwan ban furanni, sau da yawa da butocin roba a rataye a gefensa. A shiga da ladabi, a duba ko an rubuta "eau non potable", wato ba na sha ba ne, a cika gora a ja ƙofa.

Gangara ta fi hawa haɗari, ko da yake ita ake ɗoki. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana zafafa shi ya rage masa kamu; gara a matse sosai kafin kwana, a saki, a sake matsewa. Da bazara ana yayyafa tsakuwa a kan sabuwar kwalta a kafa allo mai cewa "gravillons", kuma tsakuwar takan taru daidai bakin kwana inda taya ke neman riƙo. Cikin ƙauyuka akwai tsohuwar dokar nan ta fifita wanda ya fito daga dama, ta yadda mota za ta iya fitowa daga ƙaramin lungu tana da gaskiya idan babu alamar da ta ce akasin haka. Doka ta wajabta wa direba ya bar mita ɗaya da rabi tsakaninsa da keke a bayan gari, amma ta ɗora wa mai keke nasa: an hana sanya abin sauraro a kunne tun 2015, hular kwano wajibi ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12 tun 2017, riga mai ƙyalli kuma dole ce a bayan gari da dare ko lokacin hazo. Lambar neman agaji 112 ce.

Lokacin tafiya shi ma ana kuskurensa. Agusta watan hutun Faransawa ne, masauki ya cika, hanyoyin bakin kogi su cushe, zafi kuma ba na wasa ba, domin a Yunin 2019 ma an auna digiri 46 a kudancin ƙasar. Mayu da Yuni da Satumba galibi sun fi sauƙi, sai dai daga Satumba an buɗe farauta, wanda ya ga allon "chasse en cours", wato ana cikin farauta, ya tsaya kan kwalta kada ya kutsa daji. A kama ɗaki tun da rana ta waya, a nemi wuraren da ke da tambarin Accueil Vélo, waɗanda suka tanadi ma'ajiyar keke, a kuma tambaya ko suna ba da abincin dare, don ƙauyen na iya zama ba shi da inda ake ci. Idan ƙafa ta gaza, jiragen ƙasa na cikin yanki da ake kira TER suna ɗaukar keke, ko da yake wasu yankuna na neman a yi rajista da bazara, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na TGV kuwa sai an tanadi wurin keke tun wajen sayen tikiti. Duk inda aka shiga, kanti ne ko tasha ko ƙofar gonar da za a roƙi ruwa, a fara da "bonjour" kafin a faɗi buƙata, domin mutanen karkarar nan suna jin zafin a tsallake gaisuwa kamar yadda ake jinsa a Katsina ko Maraɗi.