In sabuntawar Windows ta maƙale

Jama'ar Jos, in sabuntawar Windows ta tsaya a rabi ko ta koma baya, kada ku yi saurin kai kwamfutar Taminus a goge muku komai. Sau da yawa wurin ajiya ne ya ƙare a kwamfutar. Ku kwashe bidiyoyi zuwa filash, faifan C, wato inda Windows ke zaune, ya samu sararin kamar gigabait 20. Ku duba kwanan wata ma, in ya kauce abin ba ya tafiya.

In har yanzu shiru, ku buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ku rubuta sfc /scannow, ku ƙyale shi ya kai 100. Wannan umarnin ke gyara fayilolin Windows da suka lalace.

Don Allah kada a fara sai caji ya cika, ɗaukewar wuta ana tsaka da sabuntawa babbar ɓarna take yi.